Ƙauye a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Zaman Gida, Mallakar Gona da Tafiya Ci-rani

Gabatarwa

Wannan bayani ya shafi ƙananan ƙauyukan manoma na gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Idan aka gama girbi, tambayoyi uku ne ke gaban kowane magidanci a waɗannan garuruwa. Hatsin da ke cikin rumbu zai kai wata nawa? Gonar da nake nomawa, wace shaida gare ni cewa tawa ce? Bana in zauna gida ko in tafi ci-rani? Tambayoyin nan uku a ɗaure suke da juna, domin girman gona shi ke cika rumbu, ƙarewar rumbu kuma ita ke tura mutum hanya. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da mutanenta

Garin Tasawa yana kan babbar hanyar kwalta mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, a kan hanyar Damagaram. Gundumar tana da ƙananan hukumomi 7: Tasawa, Maijirgi, Urafan, Kona, Korgom, Bawdeta da Hawandawaki. Mayahi tana arewa maso yamma da Tasawa, kuma mai zuwa daga Maraɗi yana ratsewa ne a Cadawa. Ƙananan hukumominta 8 ne, cikinsu har da Kanambakashe, Isawan, Atantane, Gidan Amumun da Sarkin Hausa. A ƙidayar 2012, kowace ɗaya daga cikin gundumomin biyu tana da mutane fiye da rabin miliyan. Yawancinsu Hausawa ne manoma, suna zaune tare da Fulani da Buzaye makiyaya.

Tafiya ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa. Tasawa tsohon zango ne na ayarin da ke tasowa daga Azbin zuwa Katsina da Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a farkon 1851, ya tarar da kasuwa mai ci.

Ƙasar jigawa ce mai rairayi. Ruwan sama yakan kasance tsakanin milimita 300 da 500 a yawancin shekaru, kuma yana raguwa idan aka nufi arewa. Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa, ya ratsa gundumomin biyu. Goriba ce ta yi masa suna, kuma da kabarta mata ke saƙa tabarmi, maza kuma suna tufka igiya. A wasu garuruwan Mayahi zurfin rijiya yana wuce mita 50, sai an sa jaki ko sa ya ja guga.

Yadda shekara ke juyawa

Aikin gona yana farawa da sassabe da kai taki a lokacin bazara. Wasu suna yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Shuka ta gaske takan kama a watan Yuni ko farkon Yuli. Daga nan sai noman firi, sai maimai, sai girbi a Satumba da Oktoba. Babban amfanin gona shi ne hatsi, wato gero. Ana haɗa shi da dawa, wake, gyaɗa, riɗi da yakuwa, a wasu wurare kuma da aya.

Lokaci mafi wuya shi ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta. A lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, hatsi ke tsada a kasuwa, aiki ke yawa, zazzaɓin cizon sauro kuma ke kama yara. Magidancin da cimakarsa ta ƙare yakan bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani domin ya samo tiya ɗaya ko biyu. Kafin ya dawo, haki ya ci gonarsa, amfaninta ya ragu, shekara mai zuwa kuma rumbun ya fi saurin ƙarewa. Ta haka rashi ke haifar da rashi.

Dattawa ba su manta da shekarun yunwa ba: ta 1973 zuwa 1974, ta 1984 zuwa 1985 wadda ake kira El Buhari, ta 2005 da ta biyo bayan fari da fara, da kuma ta 2010. A kowace ɗaya daga cikinsu an sayar da dabbobi a banza, an jinginar da gonaki, wasu gonakin kuma ba su dawo hannun masu su ba har yau.

Lissafin rumbu

Ya kamata kowane gida ya yi wannan lissafi da kaka. Hukumomin Nijar suna ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar kimanin kilo 230 na hatsi a shekara. Tiya ɗaya kusan kilo 2 da rabi ce, saboda haka tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Hekta ɗaya kuwa fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A ƙasar jigawa, hekta ɗaya ta gero takan ba da kilo 400 zuwa 500 a matsakaiciyar shekara.

Ga misali. Gida mai mutum 8 yana buƙatar kilo 1,840 a shekara, wato buhu 18 da ɗan ƙari. Idan hekta tana ba da kilo 450, gidan yana buƙatar hekta 4 da ɗoriya. Idan gonarsa hekta 2 ce kawai, zai samu kilo 900, abin da bai kai cimakar wata 6 ba. Sauran watannin dole a cike su da kuɗin wake ko riɗi, ko sayar da akuya, ko sana'ar hannu, ko kuɗin ci-rani. Wanda ya yi lissafin tun Oktoba yana da lokacin shiri. Wanda ya jira har Yuni, farashin kasuwa ne zai yanke masa hukunci.

Me ya sa gonaki ke ƙanƙancewa?

Jama'ar Nijar sun kai miliyan 7 da ɗoriya a ƙidayar 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. A da, wanda ya rasa gona yakan je wurin mai gari a nuna masa daji ya sassabe. Yanzu dajin ya ƙare a mafi yawan wurare, kuma an daina barin gona ta huta. Neman sabuwar ƙasa a arewa ma yana da iyaka, domin tun 1961 doka ta shata layin da noman damina ba ya ƙetarewa, aka keɓe abin da ke bayansa domin kiwo.

Tsarin gandu shi ma ya sauya. A da, mai gida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma gandu ɗaya, kowace mace da kowane saurayi kuma a yanka masa gamana, ƴar gonar da yake nomawa domin kansa. Yau gandu yakan watse da zarar mai gida ya rasu. Idan gona ta yi kaɗan, gamanar mata da ta samari ce ake fara karɓewa.

Hanyoyin samun gona

Hanyoyi 6 aka sani, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

1. Gado. Mallaka ce cikakkiya, bayan an raba a gaban shaidu.
2. Saye. Mallaka ce cikakkiya, muddin mai sayarwa shi ne mai gonar, ba ɗaya daga cikin magadan da ba su raba ba.
3. Kyauta. Mallaka ce, amma magadan mai bayarwa suna iya musantawa idan babu shaida.
4. Aro. Ba mallaka ba ce. Mai gona yana iya karɓar abinsa bayan girbi.
5. Haya. Ana biya domin damina ɗaya ko fiye, gonar tana nan ta mai ita.
6. Jingina. Mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa.

Jingina ce ta fi cin gonakin talakawa. Mutum yakan jinginar cikin matsi, ya dawo ya ƙara karɓar kuɗi sau biyu ko uku, har bashin ya kai darajar gonar. Idan shaidu suka mutu, sai a wayi gari ana cewa sayarwa aka yi. Aro ma yana da tarihin rikici. A 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce. Masu aro da yawa sun riƙe gonaki da wannan magana, masu gona kuma suka shiga jin tsoron bayar da aro mai tsawo.

Gado da rabon mata

Yawancin iyalai a wannan yanki suna raba gado bisa shari'ar Musulunci. Bayan an biya bashin mamaci an cika wasiyyarsa, matarsa tana da kashi ɗaya cikin 8 idan ya bar ƴaƴa, kashi ɗaya cikin 4 idan bai bari ba. Idan matan sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. Ɗa namiji yana ɗaukar rabon ƴaƴa mata biyu.

Ga misali. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2, ƴaƴa mata 3, da gona mai hekta 8. Matar tana da hekta 1. Saura hekta 7. Kowane ɗa namiji yana da hekta 2, kowace ƴa mace tana da hekta 1. A lura da abin da ya faru: gonar da ta ciyar da gida ɗaya har da rara ta koma hannu 6, kuma ɗan da ya samu hekta 2, idan iyalinsa suka kai mutum 8, ya faɗa cikin lissafin da muka yi a baya.

A aikace, sau da yawa ƴan'uwa maza suna riƙe rabon ƴar'uwarsu, suna cewa ai tana gidan miji. Wannan bai dace da shari'a ba, bai dace da dokar ƙasa ba. Mace tana iya barin rabonta a hannun ɗan'uwanta a matsayin aro, amma a rubuta cewa aro ne. Ranar da aure ya mutu ko miji ya rasu, wannan takarda ce za ta ciyar da ita da ƴaƴanta.

Abin da doka ta tanada

Babbar dokar ƙasar karkara ta Nijar ita ce mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Abubuwa uku a cikinta sun shafi kowane manomi. Na farko, mallakar gargajiya da mallakar takarda suna da kariya iri ɗaya. Na biyu, ba a bambanta mace da namiji wajen samun ƙasa. Na uku, rikicin gona yana fara zuwa gaban sarakunan gargajiya domin sulhu, a rubuta abin da aka cim ma, sai idan sulhu ya gagara a tafi kotu.

Dokar ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda jama'a ke kira kofo. Akwai kofo na gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na gari. Mai gari ne shugaban kofo na gari, tare da magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. A nan ake samun takardar shaidar mallakar gargajiya, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Kafin a sa hannu, a tabbata takarda ta ƙunshi waɗannan abubuwa: sunayen ɓangarori biyu, irin cinikin da aka yi, iyakokin gona ta gabas da yamma da kudu da arewa tare da sunayen maƙwabta, adadin kuɗi, wa'adi idan akwai, sunayen shaidu, da kwanan wata. Kada a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta ba. Wanda bai riga ya iya karatu ba, ya zo da wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Kalma ɗaya ce ke raba jingina da sayarwa.

Doka ta kuma kare burtali, makiyaya da mashayar dabbobi. Ba a nome su, ba a sayar da su. Kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabbobi ke iya shiga su ci kara. Kisan da aka yi a Toda cikin jahar Maraɗi a 1991, inda mutane fiye da 100 suka halaka, ya nuna inda rikicin manomi da makiyayi ke kai jama'a idan aka bar shi ya ruru.

Ƙara amfanin ƙaramar gona

Tun da gona ba ta faɗaɗa, sai a ƙara mata ƙarfi. Hanya mafi araha ita ce sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Wannan dabara ta bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya fi kowane itace amfani a gona, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne. Kalgo da sabara suna tare iska, suna ba da makamashi. A 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin amfanin itatuwan da ya raina a gonarsa.

Sauran dabarun su ne zuba takin zamani kaɗan, gwargwadon abin da yatsu uku za su tsinta, a ramin shuka. Amfani da iri mai saurin nuna irin HKP. Da adana wake a buhu mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Akwai kuma warantaji, wanda ya shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta ajiye amfaninta a sito da kaka, ta karɓi bashi a kansa, ta biya ta fitar da kayanta idan farashi ya tashi. Mata kuwa, jar akuyar Maraɗi ita ce bankinsu, tare da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991.

Ci-rani: hanyar kudu

Mafi yawan masu ci-rani Najeriya suke nufa: Katsina, Daura, Kano, Kaduna, Abuja har Legas. Sukan tashi bayan girbi su dawo kafin shuka. Ayyukan da suke yi su ne ga-ruwa, dako, gadi, sayar da shayi, yankan farce, aikin gini da noman rani. Amfanin tafiyar iri biyu ne: kuɗin da aka kawo, da kuma bakin da aka rage wa rumbu.

Amma dole a san abubuwa uku. Na farko, darajar naira ta faɗi. A 2014 jika ɗaya ta sefa kusan naira 330 ce. A 2024 ta wuce naira 2,000. Saboda haka a riƙa lissafa ladan aiki da sefa ko da tiyar hatsi, ba da yawan takardun naira ba. Na biyu, iyaka tana iya rufewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Bayan haka Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ya kamata matafiyi ya tambayi hukuma takardun da ake buƙata kafin ya tashi. Na uku, ƴan bindiga sun addabi yankin iyakar Katsina, Zamfara da Sakkwato, har dubban mutane suka tsallako gudun hijira zuwa jahar Maraɗi tun 2019. A guji tafiyar dare da hanyoyin daji.

Ci-rani: hanyar arewa da wuraren zinariya

Hanyar arewa tana bi ta Damagaram da Tanut zuwa Agadas. Daga nan ta rabu biyu: ɗaya ta bi Arlit da Asamaka zuwa Aljeriya, ɗaya ta bi Dirku zuwa Sabha a Libiya. Ladan aiki ya fi na kudu, amma kuɗin mota ma ya fi, haɗarin kuma ba a kwatanta shi. A Oktoba 2013, mutane 92, yawancinsu mata da yara, sun mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubun dubatar ƴan Nijar hannu wofi. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya take kwaso ƴan Nijar tana mayar da su ta Asamaka, sau da yawa ba tare da kayansu ko ladan aikinsu ba. An soke dokar 2015 mai hukunta jigilar baƙin haure a Nuwamba 2023, amma soke doka bai rage zafin hamada ba, bai kuma sauya dokokin ƙasashen da ake shiga ba.

Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta ja samari da yawa, haka ma ta Ɗan Isa a 2021. A Nuwamba 2021 rami ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, ya kashe aƙalla mutum 18. Labarin wanda ya dace shi ke yawo a gari. Waɗanda suka dawo da bashi ba su cika ba da nasu labarin ba.

Kafin a kama hanya

1. A bar wa iyali cimakar da aka auna, a san watan da za ta ƙare.
2. Kada a sayar ko a jinginar da gona domin kuɗin mota. Idan tafiya ba ta yi kyau ba, an rasa biyu.
3. Idan za a bar gona a hannun wani, a rubuta takardar aro a kofo na gari.
4. A riƙe takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa da katin rigakafi.
5. A san wanda za a sauka wurinsa, a bar lambar wayarsa a gida.
6. A riƙa aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita, Amana ko Al Izza, maimakon a tara a ɗauko a jiki.
7. Kada a ba da yaro a tafi da shi bara wata ƙasa, kada kuma a cire shi daga makaranta domin tafiya.
8. A dawo kafin ruwan shuka. Shukar da ta makara ba ta cika rumbu.

Kammalawa

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duka biyun gaskiya ne a ƙasar Tasawa da Mayahi. Ci-rani yana taimakon gidan da ya riƙe gonarsa, domin kuɗin yana komawa cikin cimaka, taki da dabba. Gidan da ya saki gonarsa kuwa, tafiyarsa ba ta da ranar ƙarewa. Saboda haka a auna rumbu da kaka, a rubuta gona tun shaidu suna raye, sannan a yanke shawarar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne a gidanku, kuma buhu nawa kuke buƙata a shekara?
2. Mene ne bambancin aro, haya da jingina?
3. Akwai kofo a garinku? Su wane ne wakilan mata da na makiyaya a cikinsa?
4. Waɗanda suka tafi ci-rani bara daga garinku, me suka kashe a hanya, me suka dawo da shi?